Turbo biyu da ƙarar "fiishh": abin da za ka duba kafin ka taɓa motarka

Turbo fanka biyu ce a jikin sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya ta farko, ta biyun kuma sai ta zuƙo iska ta danna wa inji, iska ta ƙaru mai ya ƙaru, ƙarfi ya zo. Juyin nan fa yana wuce 100,000 a minti ɗaya. Matsalar babbar turbo ita ce jinkiri, ka taka totur sai ka ji shiru na ɗan lokaci kafin hayaƙi ya ishe ta, daga nan ta fizge ka gaba ɗaya. Shi ya sa aka koma sa ƙanana guda biyu, Maserati Biturbo ta fito da haka tun 1981.

To buɗe bonet ka bi bututun hayaƙi da ido. In injin V6 ne ka ga kowane gefe da tasa turbo girmansu ɗaya, to tare suke aiki, silinda uku na ciyar da wannan uku na ciyar da waccan, kamar a Nissan GT-R. Wannan bai cika rigima ba. Ɗaya tsarin kuwa na bi-da-bi ne, irin na Toyota Supra ta 1993 mai injin 2JZ-GTE da Mazda RX-7, turbo ɗaya ce ke aiki a ƙasa sai inji ya kai wajen juyi 4,000 ko sama kaɗan sannan ta biyu ta shigo, kuma abin da ke haɗa wannan aikin tarin ƙananan tiyo ne da bawul-bawul, guda ɗaya ya tsage sai ka ji mota ta yi sanyi a tsakiyar gudu ka rasa daga ina. Kar kuma rubutun TwinPower na BMW ya ruɗe ka, da yawansu turbo ɗaya ce mai hanyar hayaƙi biyu.

Yanzu BOV, wato bawul ɗin sakin iska. Kana gudu ka ɗaga ƙafa za ka canza giya, ƙofar totur ta rufe ɗif, amma turbo bata sani ba tana ta turo iska, iskar ta rasa hanya sai ta dawo ta bugi fankar. Wannan "tututu" ɗin da samari ke so kenan, alhali wahala ce ga sandar turbo. BOV na zaune tsakanin turbo da totur, da siririn tiyo da ya taho daga manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska. Totur na rufewa tiyon zai zuƙe fistin ɗin ciki ya danne sifirin, iska ta fice. Wanda ke gefen hayaƙi, westget, daban ne, shi aikinsa hana turbo wuce iyaka.

Kafin ka sayi BOV mai ƙarar "fiishh", wato mai sakin iska waje, ka duba ko motarka na da sensar MAF, mai auna iskar da ke shiga inji, bayan filtar iska. In akwai, kwamfutar mota ta riga ta ƙirga iskar nan ta zuba mata mai, kai kuma ka watsar da ita waje, sai mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi, wani sa'in ma ta mutu a tsaye. Irin wannan motar, bawul mai mayar da iska gaban turbo ne ya dace da ita, shi kamfani ke sawa. Injin dizal yawanci ba ya ma buƙatar BOV.

In ka ɗaura, saita sifirin a hankali. Ka saki totur kana jin tututu, ya yi tauri, sassauta kaɗan. In kuma inji na silo kana jin iska na tsiyaya a bakinsa ko inji na rawa, ya yi laushi, ƙara ɗaure shi rabin juyi ka sake gwadawa, sannan ka duba kilif ɗin siririn tiyon nan ko ya kama da kyau.