Matakan Sarrafa Bazarul Kattan da Adana Shi

Masu tambayar yadda ake amfani da bazarul kattan (ƙananan ƙwayoyin wata shuka, waɗanda ake kira flaxseed da Turanci) sun yawaita, ga matakan:

1. A tsince ƙwayoyin, a fitar da tsakuwa.

2. A niƙa wanda zai isa mako guda kawai. Ana niƙawa ne domin ƙwayar da ba a niƙa ba takan wuce hanji ba tare da ta narke ba.

3. A zuba garin a kwalba mai murfi, a saka a firiji. A nan ake yawan kuskure, domin zafi da iska suna lalata mansa. Idan ya yi ɗaci, a zubar.

4. A fara da ƙaramin cokali ɗaya a cikin yogot, daga baya a kai babban cokali 1 zuwa 2 kullum.

5. A sha ruwa sosai, don gudun kumburin ciki.

6. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su fara tuntuɓar likita.