Kafin ka miƙa hajarka ga kamfanin ajiya da tura oda, ka san abin da suke yi da wanda ba ruwansu

Duk mai saida kaya a intanet akwai ranar da kwalaye za su cinye masa ɗaki, ga oda tana shigowa ƙarfe ɗayan dare, ga salatif ya ƙare, ga kwastoma yana ta turo saƙo wai ina kayana, to daga nan ne mutum yake fara jin labarin kamfanonin da ake ce wa 3PL, wato dai wani na uku tsakaninka da mai saye, shi zai karɓi hajarka ya ajiye a sitonsa, in an yi oda ya ɗauko ya ɗaure ya tura. Wanda aka fi sani shi ne FBA, wato tsarin ajiya da tura oda na Amazon da aka fara a 2006, amma akwai irin su ShipBob da DHL da ƙanana birjik. Matsalar kawai, mutane da yawa suna shiga ne da tunanin cewa shikenan sun sauke nauyi gaba ɗaya. Ina! Aikin hannu za su karɓar maka, lissafi da hajar da kwastoma duk suna wuyanka.

Aikin yana farawa tun kafin kaya su bar hannunka. Kowane kaya sai ka ba shi lambarsa ta daban, ita ce SKU, kuma a nan ake yawan yin kuskure, don riga ɗaya mai kala 3 da saiz 4 ba kaya ɗaya ba ce a wurinsu, kaya 12 ne, kowanne da lambarsa da sitikar bakod ɗinsa, wannan zanen layi-layi da na'ura take karantawa. In ba ka manna ba, wasunsu za su manna maka amma da kuɗi. Sannan ka tura musu sanarwa tun da wuri, kwali kaza ne ke zuwa, a ciki akwai kaza da kaza, ranar kaza. In mota ta iso su sauke lodi, su ƙirga, su haska da na'ura, su shigar a kwamfuta, sai a lokacin kayan suke zama na sayarwa, kuma tsakanin saukewa da shigarwa ana iya ɗaukar kwanaki, don haka ka tambaya kwana nawa ne kuma a rubuta. Shawarata kar ka cakuɗa kaya iri-iri a kwali ɗaya ba tare da takarda ba, ma'aikaci zai zauna yana warewa ɗaya bayan ɗaya kuma da awa ake cajin wannan. Wani abu kuma, ƙirgawa daban duba inganci daban. Za su ce maka guda 500 sun iso, amma ko zif ɗin jakar yana aiki ko ba ya yi wannan ba su sani ba sai in ka biya a duba.

Ajiya kuma haya ce kawai, duk wata. Wasu da falet suke lissafi, wannan katakon da ake jibga kwalaye a kai, wasu da kanta ko ƙaramin akwati, wasu da girman filin da kayan suka ci. Kayan da ke tafiya da wuri ba su da matsala, kwantai ne yake kashe mutum, kaya suna zaune ba ciniki amma kuɗin haya yana ta hawa har ya cinye ribar ya fara taɓa uwar kuɗi. Amazon ma kuɗin ajiyarsu yana tashi daga Oktoba zuwa Disamba saboda cunkoson ƙarshen shekara, kuma suna ƙara caji a kan kayan da suka daɗe a sito. To kar ka kwashi duk abin da ka mallaka ka kai, kai musu masu gudu. In kayanka masu ranar lalacewa ne kamar man shafawa, ka tabbatar tsarinsu yana fitar da wanda ya fi kusa da lalacewa da farko. Su batirin litiyam da turare da kayan feshi na gwangwani kuwa suna cikin kaya masu haɗari a dokar sufuri, wasu sitoci ba sa karɓa kwata-kwata, gara ka faɗa tun ranar farko.

Sai haɗa shagonka na intanet da manhajarsu. Yawancinsu suna haɗuwa da dandalin saida kaya a intanet irin su Shopify da WooCommerce da eBay da Etsy, da zarar kwastoma ya biya odar ta faɗa musu kai tsaye ba sai ka kira kowa ba, adadin abin da ya rage a sito ma ya ragu da kansa a shafinka. Wannan bai da wahala, amma a gwada shi kafin a buɗe ciniki.

Yanzu ga ainihin aikin. Oda ta shigo, ma'aikaci yana riƙe da 'yar na'ura a hannu, ta nuna masa layi kaza kanta kaza, ya tura kekensa ya je ya ɗauko, ya haska bakod, in daidai ne ta yi ƙara ya wuce, in kuskure ne ta ƙi karɓa. Daga nan teburin ɗauri, a zaɓi kwali ko leda, a cusa takarda ko ledar nan mai iska don kar kaya su yi ta gware a hanya, a ɗora a sikeli, a buga takardar adireshi a manna. Cajin wannan galibi kashi biyu ne, kuɗin kaya na farko a cikin odar, sai ɗan ƙari a kan kowane kaya da ya biyo baya. In kana son kwali mai tambarinka, ko katin godiya a ciki, ko a haɗa kaya uku a mayar da su saiti ɗaya, duk suna yi amma kowanne da farashinsa, wasu kuma sam ba sa yarda da kwalin kowa sai nasu. Kar ka manta ka tambayi ƙarfe nawa suke rufe odar rana, don odar da ta shigo minti 5 bayan lokacin sai gobe, in Juma'a ce kuma ba sa aikin ƙarshen mako to sai Litinin, alhali kai ka riga ka rubuta a shafinka cewa kana turawa a ranar.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba, yawancin kamfanonin nan ba su ne ke kai kaya ƙofar gida ba. Miƙawa suke yi ga kamfanonin dakon kaya irin su UPS ko FedEx ko DHL ko gidan waya, su turo lambar bibiya. Amfanin shi ne tun da suna tura kaya da yawa suna samun ragi, sai dai ka tambaya ragin nan yana isowa gare ka ko a hanya yake maƙalewa. Kuma a nan ne nake so ka nutsu, saboda masu dakon kaya ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. Ɗauki matashin kai mai kilo 1, an saka shi a kwali mai tsawon santimita 40, faɗi 30, tsayi 20. Za a ninka su, ya ba da 24,000, a raba da 5,000 kamar yadda DHL suke yi a saƙon gaggawa, ya fito 4.8. To kuɗin kusan kilo 5 za ka biya a kan abu mai kilo 1, wato iska ka yi wa kuɗin mota. In da an matse matashin a leda da an tsira. Shi ya sa tambayar kwali iri nawa kuke da shi, wa yake zaɓa, ta fi tambayar kuɗin ajiya muhimmanci a wurina, amma da wuya ka ji wani ya yi ta.

Kayan da aka dawo da su ma suna karɓa, su buɗe, su duba, su mayar kanta ko su ware gefe ko su zubar. Amma kai za ka rubuta musu ƙa'ida, in an cire sitika ya za a yi, in kwali ya yage amma kaya lafiya ya za a yi. In ba ka rubuta ba ma'aikaci zai yanke hukunci da idonsa, wata rana sai ka ji an tura wa sabon kwastoma takalmin da wani ya riga ya taka.

To me ba ruwansu da shi? Amsa ƙorafin kwastoma naka ne, sai fa a tsari irin na FBA inda Amazon suke amsa na odar da aka yi a shafinsu. Sanin lokacin da za ka saro sabon kaya naka ne, su adadi kawai za su nuna maka. Haraji da kuɗin kwastam in kaya za su tsallake iyaka naka ne ko na mai saye, ya danganta da yadda ka tsara, kuma in ba ka tsara ba kwastoma zai ga an ce ya biya wani kuɗi kafin a ba shi kayansa, ya fusata ya ƙi karɓa. Sai inshora, wannan kam ka buɗe ido. Hajar taka ce ko tana sitonsu, kuma a kwantiragi za ka tarar da wani sharaɗi da ya ce akwai ɗan kason ɓata ko lalacewa da ba za su biya ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma dai ka san girman hujin. Sau da yawa ma diyyar da nauyin kaya ake lissafa ta ba da darajarsa ba, ka ga mai saida agogo ko waya ya shiga uku in bai yi tasa inshorar ba.

Wajen zaɓe, kar takardar farashi ta ruɗe ka. Kwaso odojinka na wata 3 da suka wuce, da girman kaya da nauyi da inda aka tura, ka ba kamfani biyu ko uku ka ce su lissafa maka nawa da ka biya gaba ɗaya. A nan za ka ga kuɗin buɗe asusu, kuɗin manhaja, da mafi ƙarancin cajin wata wanda ko ba ka yi ciniki ba sai ka biya. In odarka ba ta wuce 'yan ƙalilan a sati ba, ko kayanka irin wanda sai an rubuta sunan mai saye a jiki ne, gaskiya zauna da salatif ɗinka tukuna.

Ka karanta sharaɗin fita sosai, wata nawa za ka ba da notis, nawa ne kuɗin kwashe kaya. Kamfanoni suna canza hannu, Shopify da kansu sun sayi wani kamfanin ajiya da tura oda mai suna Deliverr a 2022, a 2023 kuma suka sayar wa wani kamfanin jigilar kaya, Flexport, da harkar. Sannan ka fara da kaya iri ɗaya ko biyu masu gudu, ka shiga shagonka kamar baƙo ka yi oda zuwa adireshinka, in ta iso ka duba kwana nawa ta yi, ka girgiza kwalin ka ji, ka auna girmansa, daga nan ka mayar da kayan ka ga kwana nawa za su yi kafin su sake bayyana a lissafin sito.