Kuɗin kwalba: yadda ake ajiyewa da yadda ake karɓowa a Jamus

Shekara 22 ina sayar da lemo a nan Ƙofar Ƙaura, shi ya sa da ƙanena ya bugo daga Jamus yana mita wai an ƙara masa kuɗi a kan ruwan roba, dariya kawai na yi. Na ce, "Kai dai ba ka zauna shago ba. Ai kuɗin kwalba ne." Duk wanda ya riski zamanin da lemon kwalba ke tashe a Katsina ya san tsarin. In za ka tafi gida da shi, ko dai ka kawo kwalba fanko, ko ka ajiye wani abu, ranar da ka maido in ba ka kuɗinka. Mu da amana da sanayya muke yi, su kuma suka mai da shi doka, suna kiransa Pfand. Ga yadda abin yake, don masu shirin tafiya karatu.

Tun 2003, robar ruwa ko gwangwanin lemo da ake sha sau ɗaya a yar, ana ɗora masa santi 25 na Yuro a kan farashinsa. Kwalbar da ake wankewa a sake cikawa kuɗinta bai kai haka ba, santi 8 ko 15 ne. In ka duba rasit za ka ga an rubuta shi daban. Wannan kuɗi naka ne, ajiya ka ba su.

Da ka shanye, kada ka murƙushe robar, kada kuma ka ɓare takardar jikinta. A nan baƙi ke yin asara. Mu mun saba da take gwangwani don ya yi wa 'yan gwangwan sauƙin awo, can kuwa na'ura ce za ta karɓa, kuma sai ta karanta tambarin Pfand da zanen layukan da ke jiki. In ta kasa karantawa, tofo maka shi za ta yi.

Ka tara su a jaka, ka nufi babban kanti. Na'urar galibi tana bakin ƙofa ko can ciki. Ka riƙa zurawa ɗaya bayan ɗaya, tana juya kowace tana lissafi. In ka gama ka danna maɓalli, ta ba ka 'yar takarda. Ka kai wa mai karɓar kuɗi a kantin da ka zuba, ya rage maka a sayayya ko ya ba ka tsaba. Ba dole sai inda ka saya ba: kantin da girmansa ya wuce murabba'in mita 200 wajibi ne ya karɓi duk robar da ke da tambarin, muddin yana sayar da irinta. Ƙaramin shago kamar nawa, samfurin da yake sayarwa kaɗai zai karɓa.

Kuɗin zagaye yake yi. Kamfani ya caji mai kanti, mai kanti ya caji mai saye, in roba ta dawo a bi hanyar a koma. Wanda ya yi kasala ya jefar, kuɗinsa ya zauna wa 'yan kasuwa. A jihar Michigan ta Amurka, inda ake ajiye santi 10 na dala, gwamnatin jiha ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka na abin da ba a karɓa ba, kuma laifi ne ka kwaso gwangwani daga wata jiha ka kawo.

A Jamus sama da kashi 90 cikin 100 na robobin suna dawowa. Ni abin da ya fi burge ni, wanda ba ya son wahalar komawa kanti yakan jingine robar a gefen kwandon shara, don mai tsinta ya ɗauka ba sai ya tona bola ba.

Mu nan robar lemo ba ta rasa mai so, masu zoɓo da kunun aya suna saye. Matsalarmu ledar fiya wata ce, wadda ke toshe kwalbati duk damina, kuma ita ba wanda zai duƙa mata. Ƙanen nawa dai ya ce makon jiya ya kai roba 40, ya karɓo Yuro 10, ya sayi shinkafa da albasa.