Yadda za a kafa zaman tattaunawa na manya masu otizim

Kusan duk taron da ake shiryawa kan otizim, lalurar da gidajen rediyo ke kira galahanga, taron iyaye ne da likitoci da malamai, kuma kan yara ake magana. Iyayen na da nasu nauyin, ban raina ba. Amma yaran nan girma suke yi. Mu da muka girma da abin, wasunmu na koyarwa, wasu na ɗinki ko gyaran waya, wasu har sun aurar da 'ya'ya, ba mu cika samun inda za mu zauna mu kaɗai ba. Ina cikin wani ɗan zama irin wannan a Kaduna, ga kuma yadda nake ganin ya kamata a kafa shi.

Ku fara da mutum uku ko huɗu, kada ku wuce takwas ko da an yawaita. Samo su ne aikin. Hanya ɗaya ita ce ku je wurin masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin tarayya da ke Barnawa ko sashen da ke asibitin Malam Aminu Kano, ku bar lambarku a ba duk babban da ke so. Kada ku nemi a ba ku sunan kowa. Ɗaya hanyar kuma tarukan iyayen ne, domin da yawanmu sai da likita yake lissafa alamomin ɗanmu muka ji kamar tarihinmu ake karantawa.

Kada ku ce sai mai takardar likita. Samun wanda zai auna babba yana da wuya kuma da tsada, sa'anninmu kuwa sun taso a lokacin da yaron da ba ya magana kaɗai ake wa kallon mai lalurar. Sai a 2013 likitocin Amurka suka haɗe nau'in da ake kira Asperger da sauran a ƙarƙashin suna ɗaya. Wanda ke zargin yana da shi ya zo ya saurara. Ku dai kada ku yanke wa kowa hukuncin yana da shi ko ba shi da shi, wannan ba aikinku ba ne.

Mai jan ragamar zaman dole ya zama mai otizim. A kan wannan ba na sassautawa. A 1992 wasu masu otizim uku, Jim Sinclair da Kathy Grant da Donna Williams, suka kafa ƙungiyar Autism Network International a Amurka, a 1996 kuma suka fara taronsu na Autreat a jihar New York, wanda masu lalurar suka tsara wa kansu. Daga baya bincike ya nuna hikimar hakan. A 2020 Catherine Crompton da abokan aikinta a jami'ar Edinburgh suka jera mutane takwas-takwas, aka ba na farko labari ya faɗa wa na biyu, haka har ƙarshe. Layin masu otizim zalla ya riƙe labarin daidai da layin marasa shi. Layin da aka gauraya ne ya fi zubar da bayanai a hanya. Ke nan tangarɗar fahimta a tsakanin ɓangarorin biyu take, ba a kanmu kaɗai ba, abin da Damian Milton, wani masani ɗan Birtaniya mai otizim, ya yi bayani tun 2012. Idan wani ya zo da ɗan rakiya, a sa wa ɗan rakiyar kujera a waje, sai in mai shi ne ya ce yana buƙatarsa a kusa, kuma ko da haka ba zai yi magana a madadinsa ba.

Ɗakin ya fi komai buƙatar natsuwa wajen zaɓe. Ajin makaranta ranar Asabar da hantsi ya fi falon wani, musamman ga mata, don an fi saurin barin mace ta je makaranta. Ku je ku zauna a ɗakin kafin ranar, ku kasa kunne. Akwai janareta a bayan taga? Injin markaɗe fa? Fankar na ƙara? Doguwar fitilar nan mai kiftawa ku kashe ta, hasken taga ya isa. Kada a jera kujeru ana fuskantar juna, a shimfiɗa tabarma a bar kowa ya zauna inda ya ga dama, ko da bango zai kalla, ƙofa kuma a buɗe, mai son fita ya fita ba sai ya nemi izini ba. Maganar turare ita ta fi ba mu wahala. Ka ce wa Bahaushiya ta fito ba humra ba turaren wuta, ka taɓo babban abu, amma akwai wanda ƙamshin ke sara masa kai har ya kasa jin abin da ake faɗa. Ku roƙa da lalama, ku maimaita a kowace sanarwa. Wanda ke son kaɗa jiki gaba da baya kamar mai karatun allo ya kaɗa. Ni carbi nake murzawa, kuma sai a zaman na gano rabinmu da carbi muka yi shekaru muna ɓoye motsin yatsunmu, tunda babu mai tsawata wa mai jan carbi.

Daga Autreat muka ari katuna uku masu launi da mutum ke maƙalawa a riga, kwali da alƙalamin maka kawai suke ci. Kore: ina son hira amma farawa ke mini wuya, zo ka fara. Rawaya: waɗanda na sani kaɗai. Ja: a ƙyale ni yanzu. Mutum na iya canza kati sau nawa ya so.

Gaisuwa kuma a yi ta sau ɗaya, a dunƙule. Wani dattijo a cikinmu bai so wannan ba da farko.

"Yanzu 'yata, a shigo a zauna ba a tambayi iyali ba?"

"Baba, an tambaya gaba ɗaya, Allah ya bar zumunci. In aka bi kowa ɗaya bayan ɗaya, wasu ƙarfinsu zai ƙare kafin a fara."

Ya yi shiru, sannan ya ce shi kansa haddace jerin gaisuwar ya yi tun yana yaro, kuma har yau in aka sauya masa tsarin tambayoyin sai ya rikice.

Ku tura abin da za a tattauna kwana biyu kafin zaman, a rubuce da kuma saƙon murya, da lokacin farawa da na tashi, kuma ku cika alkawarin lokacin. Zaman farko ku ɗauki abu mai sauƙi: wace ƙara ce ba ka iya jurewa, wane tufafi ne ke cizon ka. Za ku ji hon ɗin adaidaita sahu, da kiɗan biki, da shadda mai sitaci a wuya. A nan ake fara dariya, a nan kuma wani zai ce, "Au, kai ma?" Wannan tambayar ita ake nema. Mai son amsawa a takarda ya rubuta a karanta masa, mai son yin shiru har a tashi shi ma ya halarta.

Sai an saba za ku taɓo masu nauyi. Sunayen da aka laƙaba mana: miskili, mai girman kai, gaula, mai baƙin hali. Gajiyar da ke kwantar da mutum kwana biyu bayan suna ko biki saboda ya wuni yana kwaikwayon fara'ar mutane. Mata da yawa an yi ta yabonsu da kunya, tunda ba sa haɗa ido da manya kuma ba sa surutu, sai da aka kai su gidan miji mai yawan dangi abin ya fashe. Idan wani ya fara ba da irin wannan labari har ya yi fushi da iyayensa ko ya yi kuka, ku riƙe bakinku. "A yi haƙuri" da "ka gode wa Allah" maganganu ne na gaskiya, amma ya ji su shekara talatin, kuma duk lokacin da aka faɗa, nan zancen ke mutuwa. Kada a ba da shawara sai an nema.

Kada kuma ku tilasta wa kowa ya yi alfahari. Akwai mai ganin abin baiwa ne, don shi ya sa ya fi kowa iya aikinsa. Akwai wanda ya rasa aiki ko aure a dalilinsa. Ba a so ɗaya ya yi wa ɗaya wa'azi.

Da yawanmu an kai mu ruƙiyya ko an yi mana hayaƙi ana cewa shafar aljanu ce. Kowa na da damar ba da labarinsa, amma ba a musun addini a zaman, ba a kuma tallar magani, na gargajiya ko na kemis. Babu maganin da ke cire otizim, allurar rigakafi kuma ba ta kawo shi.

Sirri ya fi a tsananta. Ba hoto, ba Facebook. Kafin ku buɗe zauren WhatsApp ku tuna kowa zai ga lambar kowa, don haka a tambayi mutum tukuna. A garin da ake binciken asali kafin aure, kalma ɗaya da ta fita na iya shafar har ƙannen mutum. Ko zai gaya wa surukai ko shugabansa a wurin aiki, shi zai yanke. Abin da za ku iya shi ne ku sanar da shi cewa tun Janairun 2019 akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, sannan ku taya shi tsara abin da zai faɗa.

Wuri ɗaya ne sirri ke tsayawa, kuma ku faɗe shi tun ranar farko. Ciwon damuwa da fargaba sun yi yawa a cikinmu. Idan wani ya ambaci kashe kansa, ba a barin maganar a ɗaki: mutum biyu su raka shi wurin likita a ranar, a kuma kira wanda ya amince da shi a gida. Ku ajiye lambar ma'aikacin lafiya ɗaya da ya yarda a kira shi.

Sa'a ɗaya da rabi ta isa, sau biyu a wata. A yi ɗan karo-karo don kuɗin motar wanda ba shi da shi, a riƙa karɓa-karɓar jan ragama, don mai jagora ma yakan koma gida a gajiye. In ranar ta faɗo a makon sallah, ku ɗaga ta zuwa mako na gaba.