Yadda matuƙin jirgin yaƙi zai bi da gyangyaɗi da gajiya

Abin da ya sa gajiya take da haɗari a sama shine mai ita baya sanin ta kama shi, zaka ji kanka garau alhali idonka na rufewa na daƙiƙa biyu uku baka sani ba, jirgin kuma yana ta gudu. Wanda ya yi awa 17 ido biyu, aikinsa yana komawa kamar na mai giya 0.05% a jini, wlh wannan ba ƙaramin abu bane.

Tun a ƙasa ake fara gyara. In kasan akwai tashin dare, kwana biyu uku kafin nan ka riƙa ƙara barci. Sojin saman Amurka suna ware awa 12 na hutu kafin tashi, a ciki da damar barcin awa 8 ba katsewa, to kar ka cinye lokacin a waya. Ɗaki ya yi duhu da sanyi, ka toshe kunne.

Tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba jiki yafi mutuwa, nan zaka ninka lura, kuna magana da abokin tashinka, kuna duba juna. In ku biyu ne kuma doka ta yarda, kuyi barcin karɓa-karɓa, haka matuƙan jirgin yaƙin Amurka B-2 keyi, su da suka taɓa yin tashin awa 44 a 2001. Binciken NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya nuna barcin minti 26 ma yana farfaɗo da matuƙi sosai, amma fa in ka farka ka bari magagin ya sake ka, kamar minti 20, kafin ka karɓi tuƙi.

Kofi ko cingam mai sinadarin caffeine yana taimakawa, kaɗan kaɗan, saidai rabinsa na nan a jini har wajen awa 5, kar ka sha dab da kwanciya.

Ƙwayoyin hana barci irin modafinil kuwa sai likitan matuƙa ya rubuta, kuma sai an gwada ka a ƙasa tukunna. Maganarsu ta taso sosai bayan wani matuƙin jirgin yaƙin F-16 na Amurka da ya sha wata ƙwayar hana barci ya jefa bom bisa kuskure kan sojojin Kanada kusa da Kandahar a Afghanistan a 2002, huɗu suka mutu. Ƙwaya jinkirta barci kawai takeyi, ba a cin bashin barci.

In kaji baka yi barcin kirki ba ka faɗawa kwamanda ko likita tun kafin a fara bayanin tashi, ko a canja ka ko a ɗaga lokacin.