Ful-firem ko kurof: yadda za ka zaɓi kyamara a Saudiyya ba tare da asarar riyal ba

Kafin ka shiga shagon kyamara a Jidda ko Riyad, ko ka fara ciniki da wani a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ka zauna da takarda ka rubuta abu biyu: inda za ka fi yin aiki, da kuma jimillar kuɗin da ke hannunka. Waɗannan biyun ne ke yanke hukunci. Mai shago zai ce maka ful-firem ta fi, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai fifikon nata yana da iyaka, ana iya auna shi, kuma a wasu ayyukan ba ya fitowa ko kaɗan.

Bambancin yana cikin sansa, wato farantin da haske ke sauka a kansa bayan ya ratsa lens. Sansar ful-firem milimita 36 ce a faɗi, 24 a tsayi, daidai da girman fim ɗin da aka yi amfani da shi a da. Ta kurof, wadda ake rubutawa APS-C, kusan 23.5 da 15.6 ce a Nikon da Sony da Fujifilm, a Canon kuma 22.3 da 14.9. In aka buga lissafi, filin ful-firem ya ninka na kurof sau biyu da ɗoriya. Duk sauran bambance-bambancen daga nan suke tasowa.

Na farko shi ne faɗin abin da kyamara ke gani. Ƙaramar sansa tsakiyar hoton kawai take kamawa, gefuna su zube. Don haka lambar da ke jikin lens sai ka ninka ta da 1.5, a Canon kuma da 1.6, kafin ka san abin da za ka gani. Lens mai 50mm a kan kurof yana nuna abin da 75mm ko 80mm zai nuna a kan ful-firem. Nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa: an ce musu 50mm f/1.8 (lambar f ita ce buɗewar lens, ƙanƙantarta na nufin ƙarin haske) yana da araha kuma yana da kyau, sun saya sun ɗaura a kan kurof, sun shiga falon gida za su ɗauki iyali, sai ga baya ya taɓa bango amma mutum uku kawai suka shiga hoton. A kan kurof, lens ɗin cikin ɗaki yana tsakanin 16mm da 24mm, na amfanin yau da kullum 30mm ko 35mm, shi kuwa 50mm ko 56mm na hoton fuska ne.

Na biyu shi ne aiki a duhu. Idan kyamarorin biyu na zamani ɗaya ne, ful-firem tana gaba da kusan mataki ɗaya na haske, wato ninki biyu, ko fiye da haka kaɗan. ISO ita ce lambar da ake ɗagawa don hoto ya yi haske a duhu, amma ɗaga ta yana kawo ɗigo-ɗigo. A aikace, ɗigo-ɗigon da za ka gani a ISO 6400 a kan ful-firem shi ne kusan wanda kurof za ta ba ka a ISO 3200. Mataki ɗaya ne, ba uku ba. Sharaɗin zamani ɗaya kuwa yana da muhimmanci, domin tsohuwar ful-firem irin Canon 5D ta farko, ta 2005, ba za ta kamo kurof ta yau a duhu ba.

Na uku, dusashewar baya. A nan ma ninkawa ake yi: f/2.8 a kan kurof yana dusar da baya kamar yadda f/4 ko kaɗan sama da haka zai yi a ful-firem, idan hoton ya kama fili iri ɗaya. Hasken da mita ke karantawa bai canza ba, f/2.8 yana nan f/2.8, zurfin abin da ya fito garau ne ya ƙaru.

Aikin biki

A zauren biki ne ful-firem take biyan kuɗinta. Bukukuwan nan da dare ake yi, a istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, ko babban zaure, fitilu masu launi suna yawo, amarya tana tafiya, ba wanda zai tsaya ya jira ki. Aka ce ki, domin ɓangaren mata mace ce ke ɗauka, kuma a can aikin ya fi yawa. Don tsayar da mai tafiya ana bukatar saurin shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, aƙalla 1/200 na daƙiƙa. Da lens a buɗe f/2.8, ISO yakan haura 3200 zuwa 6400. A wannan matsayi mataki ɗayan nan shi ne tsakanin fuska mai santsi da fuskar da ɗigo ya cinye, musamman a fata mai duhu da baƙaƙen kaya, inda ɗigon ya fi taruwa idan aka zo ƙara haske a kwamfuta.

To amma akwai hanya ta biyu. Lens mai f/1.4 yana shigar da haske ninki huɗu na mai f/2.8, wato mataki biyu. Kurof da Sigma 30mm f/1.4 ko 56mm f/1.4 za ta doke ful-firem da aka ɗaura wa zum ɗin da ake haɗa ta da shi a kwali, wanda ke rufewa zuwa f/5.6 ko fiye in an ja shi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗi: a zuba komai a jikin kyamara, a rage wa lens ragowa. Filash ɗaya da aka harba wa farin silin ya dawo kan mutane yana ƙara hasken da ya fi tazarar sansa biyun nesa ba kusa ba, in dai silin ɗin ba mai tsawo sosai ba ne kuma masu biki sun yarda.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A hoton taro, dangi layi uku, dole kowace fuska ta fito. Mai ful-firem zai rufe lens zuwa f/5.6, mai kurof kuma f/4 ya ishe shi ya sami zurfi iri ɗaya. Da mai ful-firem ya rufe, sai ya ɗaga ISO mataki ɗaya don ya rama, fifikon nasa ya tafi ke nan. Ribar ful-firem a duhu tana zuwa ne kawai lokacin da ka yarda baya ya dushe.

Ga mai aikin biki, ramin kati biyu ya fi girman sansa muhimmanci, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi in kati ya mutu. Sony a7 III da Canon R6 da Nikon Z6 II suna da biyu. Canon RP da R8 ful-firem ne amma rami ɗaya gare su, alhali Canon R7 da Fujifilm X-T5 kurof ne masu rami biyu.

Aikin rana da aikin nesa

Mai ɗaukar maniyyata a wuraren ziyara, kamar Uhudu da Ƙuba da Jabalur Rahma, ko mai ɗaukar kayan shago, abaya da turare da dabino don tallar intanet, ba ya rasa haske. A ISO 100 zuwa 400 da wuya ido ya raba hotunan biyu, balle bayan WhatsApp ya matse su. Megafiksel 24 yana buga hoto mai kusan santimita 50 da 34 garau, kowace sansa ce ta ɗauka. Game da cikin Harami kuwa, a Makka da Madina, kada ka gina lissafinka a kai: jami'an ƙofa sukan tare manyan kayan ɗaukar hoto in babu izini. A ko'ina ma ɗaukar mutum ba da yardarsa ba, musamman mace, na iya kai mutum gaban hukuma.

A aikin nesa kurof ce ke gaba. Ƙwallon ƙafa, tseren raƙuma, birai a hanyar Ɗa'ifa: lens mai 300mm a kan Canon R7 yana kama fili kamar 480mm, da megafiksel 32.5 duka a kan abin da kake nufi. Samun wannan a ful-firem sai da lens mai nauyi da tsada sosai.

Nauyi ma abin lissafi ne ga mai yini a tsaye cikin zafi. Sony a6400 giram 403 ce, Sigma 18-50mm f/2.8 kuma giram 290, jimilla ƙasa da giram 700. Sony a7 III giram 650 ce, in ka ɗaura mata 24-70mm f/2.8 GM na farko mai giram 886 ka wuce kilo ɗaya da rabi, kafin filash.

Yadda za ka yi lissafin

Rubuta farashin kayan aiki gaba ɗaya sau biyu, layi ɗaya na kurof, ɗaya na ful-firem. Kowane layi ya ƙunshi jikin kyamara, lens biyu da za ka fi amfani da su, batir biyu na ƙari, kati biyu, filash, jaka, da kayan share sansa. Tabbatar farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari. Idan a layin ful-firem kuɗin ya tilasta maka sauka zuwa lens mai duhu, to ka ɗauki kurof, ba ka da abin da za ka yi nadama. Idan kuɗin ya kai ga lens mai f/2.8 ko guda biyu masu f/1.8, kuma fiye da rabin aikinka na dare ne, ka ɗauki ful-firem.

Mai niyyar hawa ful-firem nan gaba ya kula da lens ɗin da yake tarawa. Lens ɗin Canon EF-S ba ya shiga jikin ful-firem mai madubi sam. Na Nikon DX da Sony E da Canon RF-S suna shiga, amma kyamarar sai ta yanke hoton, megafiksel 24 ya koma kusan 10. Duk da haka, ba dabara ba ce ka sayi 24-70mm yau ka ɗaura a kan kurof don wata rana, domin zai koma kamar 36-105mm, ka rasa faɗin da kake bukata a ɗaki. Na nesa, irin 70-200mm ko 85mm, su ne za ka iya saye na ful-firem tun yanzu su yi maka aiki a duka biyun.

Masu bidiyo su binciki abu ɗaya kafin biya: wasu ful-firem suna yanke hoto sosai a 4K. Canon 5D Mark IV da RP suna yanka har ya kai ko ya wuce girman kurof, ka biya kuɗin babbar sansa kana aiki da tsakiyarta. Sannan wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Najeriya da Nijar da Sudan kuma 50Hz. Kyamarar da aka zo da ita daga gida a kan saitin bidiyo na PAL, firem 25 da shota 1/50, za ta nuna fitilun zaure suna ƙyaftawa ko layuka suna gangarowa. Mayar da ita NTSC, firem 30 ko 60, shota 1/60 ko 1/125, ka gwada a ƙarƙashin fitilun wurin kafin baƙi su iso.

Ƙura da zafi da raɓa

Waɗannan ba su san girman sansa ba. Yawancin kyamarori an ƙayyade musu aiki tsakanin digiri 0 da 40, zafin Makka da Riyad a bazara kuwa yana wuce haka, don haka bidiyon 4K a rana yakan sa kyamara ta kashe kanta. Janye allon baya daga jikinta, ka sa mata inuwa, kada kuma ka bar ta a mota. A Jidda matsalar raɓa ce: fitowa daga sanyin na'ura zuwa iskar teku sai gilashi ya yi hazo ciki da waje. Bar ta a cikin jaka a rufe na minti 15 zuwa 20 kafin ka buɗe. In aka yi ta maimaitawa ana adana ta da danshi, fumfuna ce ke tsirowa a cikin lens.

Kyamara marar madubi, galibi sansarta a fili take da zarar an cire lens. Kashe ta, kifa bakinta ƙasa, ka canza da sauri a bayan iska. Abin share sansa ma girma biyu ne, milimita 24 na ful-firem da 16 na kurof, kada ka sayi wanda ba nata ba. Fara da famfon hannu, kada ka hura da baki.

In ta hannu za ka saya

Ful-firem ta hannu takan zo daidai da farashin sabuwar kurof, shi ya sa take jan hankali. Haɗu da mai ita a wuri mai haske, ka zo da katinka. Ɗauki farin bango a f/16 ko f/22, ka buɗe hoton sosai: ɗigo mai laushi ƙura ce, tana sharuwa, amma layi siriri da bai motsa ba bayan an hura iska, karce ne, ka bar ta. Rufe bakin lens ka ɗauki hoto na daƙiƙa biyu zuwa biyar don ganin fiksel masu ja ko shuɗi da suka maƙale. Duba yawan bugun shota ta hanyar ɗora hoto ɗaya da ba a taɓa ba a shafin da ke karanta shi, ko ta manhajar kwamfuta a wasu samfuran Canon. An ƙera shotar 5D Mark IV da ta Nikon D750 don bugu 150,000, ta a7 III kuma 200,000, wadda ta cinye fiye da rabi sai a nemi ragi mai kyau. Haska fitilar waya ta cikin lens ka nemi zare-zare kamar saƙar gizo. Gwada ramukan kati duka biyun, da wurin ɗaura filash, da kowane maɓalli. Daga nan ka nemi rasit na asali, ka tambaya ko garantin na wakilin kamfani ne a cikin ƙasar ko na shagon da ya shigo da ita ne kawai, domin wakili yakan ƙi gyara ta biyun kyauta ko da wa'adin bai ƙare ba.