Co-codamol: ƙwaya ɗaya, magani biyu

Bakina ya gaji da maimaita wannan magana a kan kantar sayar da magani. Co-codamol maganin rage zafin ciwo ne, haɗin kodin da farasitamol. In ka ga 30/500 a kwali, kodin miligiram 30 ne, farasitamol 500. Hanta ce ke mayar da wani ɓangare na kodin ya zama mofin, shi kuma ya dakushe saƙon zafi a laka da ƙwaƙwalwa.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗora Panadol a kansa, don Panadol ma farasitamol ne. Kowa kodin yake tsoro, alhali farasitamol ne ke cin hanta a ɓoye. Babban mutum ba ya wuce giram 4 na farasitamol cikin awa 24, wato ƙwaya takwas, kuma co-codamol na cikin lissafin. Ƙanina da aka cire wa haƙori yana shan bibbiyu sau huɗu a rana, ya ƙara da Panadol, ga maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki. Ni na miƙa masa kwalin da hannuna, ban tambaye shi me yake sha ba. Kwana biyu garau. A na uku sai amai, da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ido ya yi rawaya. Kwananmu shida a asibiti. Haba jama'a, karanta kwali aiki ne? Wanda ya san ya zarce, ya nufi asibiti nan take ko da bai ji komai ba, don makarin farasitamol ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Ni yanzu ba na ba kowa sai ya zazzage mini ledar magungunansa a gabana.

Sai masu cewa "ai ya yi wa wance aiki", alhali jiki ba ɗaya ba ne. Hantar wasu na juya kodin da sauri fiye da kima, sai barci mai nauyi, numfashi ya yi ƙasa. Shi ya sa ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba, ba a ba mai shayarwa.

Co-codamol yana ɗaure ciki, ni gwanda da ruwa nake sa mutum ya fara tun ranar farko. Ban da tuƙi, ban da giya ko maganin sa barci irin diazepam. In ba likita ya ce ba, kada a wuce kwana uku, jiki na saurin sabawa da shi.